Shekara 30 Babu Haraji a Arewa, Ƙarin Haya a Batha: Nazarin Shirin Hedikwatocin Kamfanoni a Riyad

A ranar 15 ga Fabrairu 2021 gwamnatin Saudiyya ta fitar da wata gajeriyar sanarwa da ta hana manyan kamfanonin duniya masu cin kasuwa a ƙasashen Larabawa barci. Ta ce daga 1 ga Janairu 2024, babu ma'aikata ko hukuma ko asusun gwamnati da zai sake ba kamfanin waje kwangila muddin hedikwatarsa ta wannan yanki tana wata ƙasa ba Saudiyya ba. Ba a kama sunan kowa ba, amma kowa ya san inda aka dosa. Shekara da shekaru manajoji suna zaune a Dubai da iyalansu, su hau jirgi safiyar Lahadi su sauka Riyad, su yi aikin mako suna kwana a otal, ranar Alhamis su koma. Kuɗin kwangila na Saudiyya ne, amma hayar gida da kuɗin makarantar yara da cefane duk a wata ƙasa ake kashe su. Hukuma ta ce abin ya isa haka.

Ba barazana kaɗai aka yi ba, an haɗa da tayi mai tsoka. Duk kamfanin da ya karɓi lasisin hedikwatar yanki daga Ma'aikatar Zuba Jari, wadda ke tafiyar da shirin tare da Hukumar Masarauta ta Birnin Riyad, an ɗauke masa dokar wajabta ɗaukar 'yan ƙasa aiki har tsawon shekara 10, an kuma sassauta masa wajen bizar ma'aikatan da zai shigo da su. A Disamba 2023, ana saura 'yan makonni wa'adi ya cika, aka ƙara da babbar kyautar: shekara 30 babu harajin riba a kan ayyukan hedikwatar, babu kuma harajin da ake cirewa daga kuɗin da take turawa waje. Kamfanin waje na yau da kullum kuwa kashi 20 cikin 100 na ribarsa yake biya. Gaskiya ne yafewar ta tsaya ga aikin shugabanci da tsare-tsare, reshen da ke saye da sayarwa yana nan yana biyan harajinsa. Duk da haka harajin da aka yafe dukiyar jama'a ce, ko da ba a ƙirga wa kowa ita a hannu ba.

Abin da aka nema a madadi bai taka kara ya karya ba. Kamfani ya fara aiki cikin wata shida da karɓar lasisi, ya ɗauki aƙalla ma'aikata 15 na dindindin a shekarar farko, uku daga cikinsu manyan shugabanni. An kuma bar wasu ƙofofi a buɗe: kwangilar da ba ta kai riyal miliyan ɗaya ba dokar ba ta shafe ta, haka idan babu mai iya aikin sai kamfanin da bai ƙaura ba, ko farashinsa ya gaza na sauran da kashi 25 cikin 100.

Kamfanoni sun zo. A Oktoba 2021 aka miƙa lasisi ga guda 44 a rana ɗaya, cikinsu har da PepsiCo da Siemens da Unilever da Deloitte. Burin gwamnati shi ne 500 kafin 2030, sai ga Khalid al-Falih, ministan zuba jari a lokacin, yana sanarwa a Oktoba 2024 cewa an kai 540. Idan yawan kamfanoni ne ma'auni, shiri ya yi nasara, kuma ban ga amfanin musun haka ba. Tambayata daban ce: a wane ɓangare na garin ofisoshin suka sauka, kuma wa ya ɗauki nauyin saukarsu?

Amsar farko ba ta da wuya. Arewa suka nufa: Olaya, titin Sarki Fahad, da Cibiyar Kuɗi ta Sarki Abdullah da ake kira KAFD. Ita wannan cibiya tun 2006 aka ƙaddamar da ita, ta yi shekaru dogayen benayenta suna tsaye babu kowa, har Asusun Zuba Jari na gwamnati ya karɓe ta daga hukumar fansho a 2018. Shirin hedikwata yana cikin abubuwan da suka cika ta da mutane. Zuwa 2024 dillalan gine-gine suna cewa ofis mai daraja ta ɗaya a Riyad sai an yi da gaske kafin a samu. Lasisin bai gaya wa kowa unguwar da zai zauna ba, kuma wanda ya zaɓi tsohuwar tsakiyar gari babu ƙarin komai da zai samu a kan wanda ya zaɓi arewa. Amsa ta biyu kuwa sai an koma baya kaɗan.

Yadda tsakiyar gari ta koma hannun baƙi

Riyad ta asali ƙaramin gari ce mai ganuwa, da ya kewaye gidan yaƙi na Masmak da Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902. An rushe ganuwar a 1950, jirgin ƙasa daga Dammam ya iso a 1951. Cikin shekarun 1950, zamanin Sarki Sa'ud, aka kwaso ma'aikatun gwamnati daga Hijaz aka jera su a kan titin tsohon filin jirgin sama. Wannan ita ce babbar ƙaurar ofisoshi ta farko a tarihin garin, kuma akwai abin lura a yadda aka yi ta. Gwamnati ba ta tsaya ga ginin ma'aikatu ba. Ta yanki fili ta gina unguwar Malaz, gidaje sama da 700 haɗe da benaye, ma'aikata suka mallaki gidajen suna biya a hankali. Da aka tashi mayar da Ma'aikatar Harkokin Waje da ofisoshin jakadanci daga Jidda a shekarun 1980, haka aka sake yi: aka gina Unguwar Jakadu, aka kuma gina rukunin gidaje na ma'aikatan ma'aikatar. Tunanin wancan zamani shi ne wanda ya kira ma'aikaci shi zai nema masa wurin kwana.

Daga nan garin ya juya fuska arewa bai sake waiwayowa ba. Taswirar da kamfanin Doxiadis na ƙasar Girka ya zana a farkon shekarun 1970 ta shimfiɗa manyan tituna ta wannan fuska. A 1974 aka kafa Asusun Raya Gidaje, yana ba 'yan ƙasa bashi marar ruwa su gina nasu. Iyalan da suka tashi a gidajen ƙasa na Dira da Shumaisi da Manfuha da Al-Ud suka kulle ƙofa suka koma sababbin unguwanni. Gidajen da suka bari, da benayen siminti da aka yi ta ɗorawa a gefen titin Batha da titin Wazir lokacin bunƙasar mai, su baƙi suka shiga: Yamalawa, mutanen Pakistan da Indiya da Bangaladash da Filifin, Sudaniyawa, Habashawa, da mu Hausawa na Nijar da Najeriya da Sudan.

Ba za a ce hukuma ta manta da tsakiyar gari ba. Ta bar ofishin gwamna da na baladiyya, wato hukumar birni, a nan, ta sake gina yankin Ƙasrul Hukum, aka kammala babban masallacin Imam Turki bin Abdullah da fadar mulki da dandalinsu a 1992. A 1999 aka buɗe Cibiyar Tarihi ta Sarki Abdul'aziz da gidan tarihi na ƙasa a Murabba. A 2013 aka amince da wani tsari na raya tsakiyar gari mai faɗin murabba'in kilomita 15. Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a masallacin Imam Turki ya fito dandali ya san aiki ne na ƙwarai. Sai dai ka bar dandalin ka yi tafiyar 'yan mintuna ka karya kwana, ka tarar da gidan ƙasa da rufinsa ya rufta, kusa da shi bene mai wayoyin lantarki a zube a jikin bango. An gyara masallaci da fada da kasuwar Zal, ba a kai ga ɗakunan da mutane ke kwana ba.

Manyan kuɗin wannan zamani ma ba nan suka nufa ba. Kamfanin da Asusun Zuba Jari ya kafa a Oktoba 2022 don raya tsakiyar birane, garuruwa 12 aka ba shi, irin su Madina da Ɗa'if da Tabuka da Buraida da Najran, babu Riyad a ciki. Sabuwar cibiyar da aka yi wa Riyad alkawari a Fabrairu 2023, wato Sabuwar Murabba mai murabba'in kilomita 19, can arewa maso yamma aka yanka mata fili.

Gida ɗaya a bayan titin Batha

Benen da nake son mu duba yana tsakanin Batha da Al-Ud, hawa uku ne, ginin zamanin bunƙasar mai. Kowace taga da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki a maƙale tana ɗigar da ruwa a jikin bango, har siminti ya yi baƙin zane daga sama zuwa ƙasa. A hawa na biyu akwai shigga, wato sashen haya, mai ɗaki uku. Tun daga ƙofa za ka san mutanenmu ne, saboda tarin takalma da butoci, da ƙamshin daddawa idan wani ya dawo daga gida da tsaraba. Mutum takwas ne a ciki. Takardar haya tana da sunan mutum ɗaya, wani dattijo ɗan Damagaram da kowa ke kira Baba, tela ne, ya daɗe yana ɗinkin jallabiya a shagon kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama da aiki. Ba kowane mai gida ke yarda ya ba gwauraye haya ba, amma shi an san shi, ba a taɓa jin rigima da shi ba, don haka sunansa ne ya buɗe wa sauran ƙofa. Ƙarshen wata kowa ya kawo nasa, ya rubuta a wani ƙaramin littafi da ke cikin aljihun keken ɗinkinsa na gida, ya haɗa ya biya.

Cikin samarin akwai wani Bakano da ke aiki a KAFD. Ba kamfanin da ya ci moriyar shekara 30 ne ya ɗauke shi ba, wani kamfanin shara da hidima ne da ya samu ƙaramar kwangila a ofishin. Aikinsa dafa shayi da gahawa da kai su ɗakin taro, da goge tebura bayan an tashi. Masaukin kamfaninsu yana can bayan gari, sai ya zaɓi a ba shi ɗan kuɗin gida ya zauna cikin 'yan'uwa. Tun da aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a ranar 1 ga Disamba 2024 rayuwarsa ta yi sauƙi ta wannan fuska, kuma wannan alheri ne da ya kamata a faɗa. Shuɗin layi mai tsawon kilomita 38 ya ratsa Batha da Olaya ya wuce KAFD. Riyal huɗu ne tikitin awa biyu, riyal 140 na wata. Kafin nan rabin hutunsa a cunkoson titin Sarki Fahad yake ƙarewa.

A ofishin da yake kai shayi, ma'aikatan da aka kawo daga Dubai kamfani ne ke biya musu gida a unguwannin arewa irin su Malƙa ko Hittin ko Aƙiƙ. Shi kuwa kamfaninsa yana biya wa gwamnati harajin ma'aikacin waje a kansa da ya kai riyal 800 a wata, kuma kowa ya san daga ina ake matso wannan kuɗi idan an zo yanke albashi. Da zai ce zai kawo matarsa, riyal 400 ne a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, tun Yuli 2020. Harajin kaya da yake biya a kantin unguwa kashi 15 cikin 100 ne. A bene ɗaya, a ɗakin taro ɗaya, mai shan gahawa an yafe wa kamfaninsa haraji, mai zubawa kuwa ba a yafe masa komai ba.

Ƙarin haya ya iso musu ne a saƙon WhatsApp daga ofishin dillalin da ke kula da benen. Na farko suka haɗiye. Da shekara ta zagayo aka sake turo wani, wanda ya fi na farko nauyi. A daren nan suna zaune kan tabarma an ajiye tiren shinkafa, Bakanon ya kasa haƙuri.

"Baba, don Allah me ya ƙaru a gidan nan da haya za ta ƙaru? Famfon banɗaki tun bara yake zuba, fitilar matakala mu muka saya."

"Ɗana, ba gidan ne ya ƙaru ba. Masu nema ne suka ƙaru. Ka leƙa hawan ƙasa ka ga su waye a ciki yanzu."

Dattijon ya fi masu rahoto gane lamarin. Shiggar ƙasa da a da leburori ke ciki, yanzu wani akawu ne Bamisre da iyalinsa, waɗanda hayar Malaz ta fi ƙarfinsu. Su kuma a Malaz waɗanda suka maye gurbinsu daga Sulaimaniyya da Olaya aka koro su. Haya a Riyad tana tafiya ne kamar ruwan sama, a tudu yake zuba amma a kwari yake taruwa. Manaja ba zai taɓa neman ɗaki a Batha ba, sai dai zuwansa ya ture na ƙasa da shi, shi ma ya ture na ƙasa da shi, har turin ya iso kan wanda babu kowa a ƙarƙashinsa. Na ƙarshen nan zaɓinsa biyu ne: ya ƙara katifa a ɗaki, ko ya koma can kudu wajen Darul Baida ko Aziziyya. Su Baba katifa suka ƙara. Da mutum shida ne, suka koma takwas.

Zalunci ne a ɗora wa shirin hedikwata laifin duka. Ma'aikata 15 sau ɗari biyar ba su isa su motsa garin da ƙidayar 2022 ta ce yana da mutum kusan miliyan bakwai ba. Akwai manyan ayyukan Diriyya da Ƙiddiya da lambun Sarki Salman, akwai baje kolin duniya na 2030 da Riyad ta ci a Nuwamba 2023, akwai samarin Saudiyya da ke barin garuruwansu suna tahowa neman aiki, akwai manyan filaye a tsakiyar unguwanni da masu su suka ƙi ginawa suna jiran farashi ya hau. Akwai kuma yaƙin Sudan tun Afrilu 2023. A saman su Baba ma wasu Hausawan Wad Madani ne, sun fito bayan garin ya faɗi a Disamban wannan shekara, suka sauka wajen ɗansu da ke aiki a nan. Amma duk waɗannan, ban da yaƙin, reshe ne na manufa ɗaya da Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya bayyana a Janairu 2021: a ninka yawan mutanen Riyad daga miliyan bakwai da rabi zuwa miliyan 15 ko 20 kafin 2030. Shirin hedikwata shi ne ɓangaren da aka fi saka wa lada a fili. An kira mutane da ƙarfi, ginin ɗakunan kwanansu kuwa ya biyo baya a hankali.

Dokar Satumba 2025

Hukuma ta ga abin da ke faruwa. A ƙarshen Maris 2025 Yarima ya ba da umarnin sakin filaye sama da murabba'in kilomita 81 a arewacin gari, tare da raba wa 'yan ƙasa fuloti 10,000 zuwa 40,000 kowace shekara a farashin da bai wuce riyal 1,500 kan murabba'in mita ba. Aka ɗaga harajin filin da aka bari babu gini daga kashi 2.5 zuwa abin da zai iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na darajarsa. A jawabinsa ga Majalisar Shura a Satumba ya faɗa da bakinsa cewa farashin gidaje a wasu wurare ya kai matsayin da ba za a amince da shi ba. Ranar 25 ga watan aka zartar da doka: babu ƙarin haya a gida ko shago ko ofis cikin iyakar birnin Riyad har shekara biyar.

Dokar tana da haƙora. Gidan da ya zama babu kowa, farashinsa shi ne na takardar ƙarshe da aka yi wa rajista a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, don haka korar ɗan haya ba ta buɗe wa mai gida hanyar ƙari. Takarda tana sabunta kanta, kuma a Riyad mai gida ba shi da ikon ƙin sabuntawa sai da ɗayan dalilai uku: ɗan haya ya ƙi biya, ko gini yana da lahani mai haɗari, ko shi kansa ko ɗan'uwansa na jini mafi kusa zai shiga. Tarar wanda ya saɓa tana iya kaiwa hayar wata 12, wanda ya kai rahoto kuma ana iya ba shi har kashi 20 cikin 100 na tarar.

A shiggar su Baba an yi murna a wannan dare, kuma murnar tana da dalili, domin saƙo na uku da kowa ke fargaba bai zo ba. Shagon ɗinkin kafilinsa ma ya tsira. Sai dai abu biyu suka fito fili daga baya. Na farko, dokar ta tsayar da haya ne a inda ta kai, ba ta mayar da ita inda take a 2021 ba, katifun nan biyu suna nan. Na biyu, kariyar ta wanda sunansa ke cikin takarda ce. Mutum bakwai cikin takwas ba su da wata alaƙa da mai gida a idon doka. Da dillalin ya zo da maganar wani kuɗin gyara da za a biya a hannu, ba ta Ejar ba, samarin suka ce a kai ƙara. Baba ya hana. Ba rashin sanin doka ba ne. Ya san idan aka buɗe maganar, tambaya ta biyu ita ce mutum nawa ke kwana a shiggar kuma da izinin wa. Suka yi karo-karo suka biya.

'Yan'uwanmu Hausawa 'yan ƙasa, waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna, lissafinsu daban ne. Fulotin riyal 1,500 nasu ne idan sun cika sharaɗi, kuma 'ya'yansu da suka gama Jami'ar Sarki Sa'ud ko ta Gimbiya Nura suna iya samun kujera a waɗannan ofisoshi, wasu ma sun samu. Sai dai su ma ya kamata su tambaya: kamfanin da aka yafe wa dokar ɗaukar 'yan ƙasa na shekara 10, me zai tilasta masa ya duba takardun 'yarsu?

Abin da ba a ɗaura wa tallafin ba

Mai karatu zai iya cewa maganin a bayyane yake, a ba kamfanoni ƙarin lada su sauko Batha da Dira, tunda ga tashar Ƙasrul Hukum an buɗe ta a Fabrairu 2025 inda shuɗin layi ya haɗu da mai ruwan lemo. A takarda shawara ce mai kyau. Amma ka faɗe ta a gaban duk wanda ke da dangi a Jidda ka ga yadda fuskarsa za ta canja. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama a can, cikin jerin fiye da 60 da aka ce ba a tsara su ba, irin su Gulail da Sabil da Karantina da Petromin, inda Hausawa suka yi zamani bayan zamani. Ana wayar gari a ga jan fenti a bango, a ba da wa'adi. An tsara diyya da masauki ga 'yan ƙasa, baƙo mai haya kuwa ya kwashi kayansa ya nemi inda zai sa kai a garin da haya ta riga ta yi tsalle. Saboda haka idan mutumin Batha ya ji an ce za a raya unguwarsa, gabansa ne ke faɗuwa. Ina son a gyara tsakiyar Riyad, ina ganin abin kunya ne gari mai wannan arziki ya bar mahaifarsa a haka. Amma idan ofisoshi suka sauko ba tare da an tanadi mazauna ba, su Baba ne farkon waɗanda za a ɗaga.

A ganina kuskuren shirin yana cikin sharuɗɗansa. Gwamnatin da ke riƙe da kwangilolin da kowa ke kwaɗayi tana da ƙarfin neman fiye da ma'aikata 15. Tana iya cewa shekara 30 ɗin nan ba kyauta ba ce: wani kaso na abin da aka yafe ya shiga asusun gyara tsofaffin benayen tsakiyar gari, mai benen da ya karɓi kuɗin gyara kuma ya ɗaure kansa da haya mai sauƙi na wasu shekaru. Tana iya cewa kamfanin da ya ci moriya shi ke da alhakin tabbatar da cewa masu shara da direbobi da masu gadin da ke yi masa hidima ta hannun 'yan kwangila suna da wurin kwana na mutunci kusa da layin jirgi. Gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki a Fabrairu 2025 ya riga ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da gida ko kuɗinsa, amma kuɗin gidan mai shayi ba ya bin farashin Riyad. Tana kuma iya buɗe hanya mai sauƙi da mutanen da ke zaman haɗaka za su yi rajistar kansu ba tare da tsoron tara ba, yadda kariyar Satumba 2025 za ta kai ga kowane mai katifa. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake baƙo ga ƙasar. Gwamnatin da ta gina Malaz tun baitulmali bai kai kaso kaɗan na yau ba ta san yadda ake haɗa ofis da gida.

Wa'adin hana ƙarin haya zai ƙare a Satumba 2030. Kamfanin da ya karɓi lasisi a 2024 kuwa yafewarsa za ta kai shi 2054. Su mutanen shiggar ma ba 2030 ce damuwarsu ba. Idon Baba ya fara rauni, zare ba ya shiga allura sai ya kira yaro, kuma ya gaya musu yana shirin komawa Damagaram gaba ɗaya. Idan ya tafi, babu sauran mai suna a takardar haya a cikinsu. Doka ta ce farashin shiggar ba zai canja ba, amma ba ta ce dole a ba su ba, mai gida yana da ikon zaɓar iyali a kan gwauraye bakwai. Yanzu haka Bakanon ne ake lallaɓa dillali ya yarda a mayar da takardar sunansa kafin dattijon ya tafi, shi kuma dillalin ya ce sai ya ga takardar shaidar albashi daga kamfaninsa.